Ina barewa da gada da dabgi suka shige ne?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu, kuma tun yanzu ka yi haƙuri zancen nawa zai ja, ka san tsoho in ya samu mai saurare sai an ce masa ya isa. Ni tsohon malamin gona ne, na yi ritaya, an haife ni a wani ɗan ƙauye arewa da Gumel ta wajen Maigatari, inda in ka yi tafiyar da ba ta kai ta kawo ba sai ka tsinci kanka a Nijar ba ka ma lura ka tsallake iyaka ba.

Abin da ya sa na ɗauko waya nake ta danne-danne da yatsa ɗaya shi ne jikana, ɗan aji shida na firamare. An ba su aikin gida a darasin Hausa, su kawo ma'anar karin magana biyar, ɗaya daga ciki barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sai ya zo ya same ni a kan tabarma bayan la'asar ya ce, Kaka, wai barewa ba makaranta ba ce a Zariya, ta yaya makaranta za ta yi gudu? Na yi dariya har da ƙwalla, na ce kai ja'iri tashi ka ba ni wuri, amma da ya tafi sai dariyar ta tsaya min a wuya, don yaron bai yi ƙarya ba, barewar da ya taɓa ji ke nan. Babban abin haushin, da na ce wa babansa ya nemo masa bidiyonta a YouTube, wadda aka samo a Kenya aka ɗauke ta. Ni kuwa da idona na ga barewa uku suna cin ganyen wake a gonar babanmu da sassafe, ina yaro, ko nisan jifa babu tsakaninmu, ja-ja da su da baƙin layi a haƙarƙari, suka ɗaga kai suka dube ni sannan suka yi wani irin tsalle kamar ƙasa na ƙona musu ƙafa.

Malam Edita, duk sanda jarida ta taɓo zancen namun daji, zaki ne da giwa, sai ko Yankari in hutun ƙarshen shekara ya zo. Ba laifi, su ma abin a yi kuka ne, zakunan da suka rage a Nijeriya duka ba su kai 50 ba, giwayen Yankari kuma ƙiyasin da ake yi 100 zuwa 150 ne. Amma ni zancena na ƙananan nan ne masu yawo a ƙasa, masu ramuka, waɗanda muka tashi tare da su a bakin gona, gada, barewa, zomo, kurege, bushiya, beguwa, dila, yanyawa, tunku, bodari, dage, dabgi, gyado, kura. Su waɗannan ba su da gandu ba su da mai gadi, ba wanda ya taɓa biyan kuɗin mota don ya je kallonsu, sun dai zame ɗaya bayan ɗaya ba tare da kowa ya ce uffan ba. Kuma zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara.

Bari in ɗan tsaya a kan dabgi don shi ya fi tsaya min a rai. Ina da kawu, ƙanin mahaifiyata, maharbi ne na gado, Allah ya jiƙansa, shi ya kan tashe ni da asuba mu fita duba tarko, kuma shi karatun sawu yake koya min kamar yadda malam ke biya allo. Ya durƙusa ya ce duba nan, wannan gada ce ta wuce kafin raɓa ta sauka, wannan dila ne yana sassarfa, wannan jan da ka gani a tsakiya wutsiyar dabgi ce. Wata rana muka bi jan nan har gindin wani suri da aka farke masa ciki, ƙasa jawur a watse kamar an sa magini da diga, ga kuma rami can gefe wanda ni a lokacin zan iya rarrafawa ciki. Sau ɗaya tak na ga dabgin kansa, a farin wata, kunnuwa zaƙo-zaƙo kamar na jaki, dogon baki kamar na alade, baya a gantsare, yana tafe yana sunsunar ƙasa bai damu da kowa ba. Kawu ya riƙe min hannu ya ce a raɗa, wannan ba a taɓa shi sai da dalili, shi ne maginin dawa. Daga baya na gane abin da yake nufi, dabgi gara da tururuwa yake ci, a dare ɗaya ya lashe dubbai, ramin da ya haƙa ya bari kuwa shi ne gidan beguwa, shi ne na dila, kura ma ta kan haihu a ciki, gyado kuma da baya-baya yake shiga don haurensa ya tsare ƙofa. To ka ga in dabgi ya ƙare a daji ba shi kaɗai ya tafi ba, masu haya a gidansa ma sun rasa wurin kwana. Ga shi ɗa ɗaya yake haifa a shekara, ba irin zomo ba ne da za a kashe goma ashirin su fito. Ramin dabgi na ƙarshe da na gani a yankinmu tun kafin in yi aure ne, yanzu ina da jikoki.

Shekarun da na yi ina aiki da kuma 'yan tafiye-tafiye sun nuna min cewa Allah ya raba dabbobin nan ne daidai da yadda ya raba ruwan sama. Can ƙasan Bauchi inda ake samun ruwa wajen milimita 1000 a shekara, dajin da duhu, nan ne gidan ɓauna da gwanki da kanki da mazo. Ka hauro wajenmu inda ruwan ya ragu da kusan rabi, ƙaya ta fara yawa, aduwa da magarya da sabara da geza, nan barewa mai jan goshi da gada da zomo da yanyawa suke. Ka wuce Damagaram ka nufi Tanut da Tasker, ciyawa ta koma ƙarangiya, sai ƙaramar barewar nan fara-fara ta rairayi, da wata doguwa mai farin ciki da jan wuya da ake ce wa mena, wadda ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Nijar ta ari sunanta, da mariri, wasu su ce warwaji, mai ƙahoni dogaye lanƙwasassu kamar takobi, wanda da fatarsa Buzaye ke yin garkuwa. A duwatsun Azbin akwai ragon dutse. Can cikin tsakiyar yashi kuma, inda shekara kan zagayo ba a ga ɗigon ruwa ba, akwai wata da ake kira adaks, fara mai murɗaɗɗen ƙaho da faffaɗan kofato don kada ta nutse a rairayi, ita kusan ba ta shan ruwa ma, ɗan danshin ciyawar da take ci ya ishe ta. Kowa da layinsa, kuma in fari ya zo na arewa su gangaro kudu, in damina ta yi kyau su koma. Wannan kai da komon shi ne rayuwarsu, shi ne kuma muka toshe.

Mutanenmu in ka tambaye su sai su ce ai fari ne ya kashe su. Akwai gaskiya a ciki, wanda ya ga 1973 ya kuma ga 1984 ba zai raina fari ba, na ga mushen shanu a jere bakin hanya har ungulu ta ƙoshi ta bar saura, tafkin Chadi da yake wajen murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya tsuke ya koma ɗan kaɗan. Amma fa fari ba a kanmu aka fara shi ba, kakanni sun ga nasu, dabbobin kuma suka farfaɗo bayan an samu ruwa. Abin da ya bambanta na zamaninmu shi ne da ruwan ya dawo dabbar ba ta tarar da gidanta ba. A ƙidayar 1963 mu miliyan 55 da 'yan kai ne a Nijeriya, yau mun haura miliyan 200, Nijar da ta karɓi mulkin kai a 1960 da mutum miliyan 3 da ɗoriya yau ta wuce miliyan 25, kowa kuma tuwo zai ci. Da can manomi ya kan noma gona shekara huɗu biyar ya bar ta ta zama saura ta huta, a cikin saurar nan gada ke ɓuya zomo ke haihuwa. Yanzu wa ke da gonar bari? An gaji gona an raba an sake rabawa, an cinye burtali, an cinye makiyaya, kurmin bayan gari da muke jin tsoron shiga muna yara an sare shi an yi gawayi an loda a tirela. Ga maganin feshi da ya zo, a fesa wa ciyawa tun daga tsakiyar gona har kan iyaka, ko ɗan jan baki ba zai samu inda zai laɓe ba balle gada.

Kuma ba zan ɓoye ba, da hannuna a ciki. Lokacin da nake ganiyar aiki abin da aka koya mana shi muka koyar, gona mai kyau ita ce wadda aka share fes, a tumɓuke kututture, a ƙone sabara, a baje suri don garmar shanu ko tarakta ta wuce ba tangarɗa. Na tsaya a gaban manoma da babur ɗina da ɗan littafina na yaba wa wanda ya aske gonarsa kamar kan jariri, na yi wa wanda ya bar kalgo da geza faɗa na ce shi malalaci ne. Duk wata sai na cika fom, hekta nawa aka noma, buhun taki nawa aka raba, buhu nawa aka girbe. A duk shekarun nan ba a taɓa miƙo min takardar da ke tambaya zomo nawa ka gani ko ramin yanyawa nawa ne a yankinka ba, ni ma kuma ban taɓa kawo wa raina in rubuta ba. Wani tsoho ya taɓa ce min, malam, kai kana ta korar itace, in iska ta zo da wa za ta yi faɗa? Na ɗauke shi bagidaje. Ashe a daidai lokacin can wajen Maraɗi manoma sun fara abin da suke kira sassabin zamani, wato in kututture ya tofo a bar masa reshe biyu uku masu ƙarfi a sassabe sauran, da haka aka dawo da itatuwa wajen miliyan 200 a fili kusan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, ba tare da an dasa ba. Tsohon nan ya fi ni ilimin gona, ni na fi shi takarda.

Sai zancen farauta, kuma a nan ina taka-tsantsan don ni jinin maharba ne ta wajen uwa, ba na son a ce na ci mutuncin sana'a. Maharba mutane ne masu amfani, su ne suka tsaya da bindigar toka a wurare irin su Mubi a 2014 lokacin da gari ya rikice, har yau su ne 'yan sintiri a ƙauyuka da yawa. Amma farautar kawuna daban, ta yanzu daban. Shi mutum ɗaya ne da kwari da baka da kare ɗaya, in damina ta faɗi ya rataye kayansa ya kama fartanya, in ya ga gada da ciki ya kan ce wannan biyu ce ba ɗaya ba ya ƙyale ta, kuma akwai sarkin dawa da in ya ce kada a shiga daji kaza to ba mai shiga. Yanzu fa? Da rani ya yi sai ka ga Canter biyu uku cike da samari, kowa da gora da barandami da adda, karnuka fiye da mutanen, ana kiɗa ana kirari, a sauke su a bakin ɗan dajin da ya rage su yi masa zobe su cinna wuta ta gefe ɗaya. Abin da ya fito duk na kashewa ne, mai ciki, mai shayarwa, ɗan da bai buɗe ido ba, har bushiya da ba ta cika tafin hannu ba. Na taɓa tsayawa na ga sun dawo da yamma, mutum ya fi sittin, abin da suka samo zomo huɗu ne da gafiya da kurege 'yan kaɗan, kuma a kan zomo ɗaya aka sari wani yaro a kafaɗa don an yi gardamar karen wa ya fara kamawa. An ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, to yanzu har da jini ake haɗawa. Ka tuna bayin Allah 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, mafarauta ne 'yan Kano suna dawowa gida yin sallah daga can kudu, Allah ya jiƙansu ya bi musu haƙƙinsu. An yi ta magana a kan zaluncin da aka yi musu kuma ya kamata a yi, amma ni har da wata tambaya ta riƙa cin raina, me ya kai maharbin Kano har dazukan kudu neman nama? Da akwai a gida da bai je ba.

Kura da dila kuwa guba ce ta gama da su. Akuya ɗaya ta ɓata sai a zuba maganin ƙwari a mushe a ajiye, da safe a tarar da dila, da yanyawa, da ungulu, har da karen maƙwabci. Sauran kuma masu maganin gargajiya sun saye, je ka kowace babbar kasuwa ka duba rumfarsu, fatar dage, ƙayar beguwa, kan kura, farcen dabgi. 'Yar barewa kuma a kamo ta tana jaririya a kai gidan mai kuɗi tana zagaye a tsakar gida kan tayil, kowa ya san yadda aka yi da uwar kafin a samu 'yar. Doka fa akwai, tun 1963 Jihar Arewa ta yi dokar namun daji, gwamnatin soja ta ƙara wata a 1985, amma ka nuna min wanda aka taɓa tsarewa a kan gada. Dazukan da aka keɓe kuma, Rugu, Kamuku, Kuyambana, Sambisa, Falgore, yau in ka ambaci sunansu ba dabba ce ke zuwa ran mutum ba, ma'aikacin gandun daji da albashinsa bai taka kara ya karya ba wa zai ce ya shiga can?

Maƙwabtanmu ma sun sha tasu asarar, ta wani fannin ma ta fi tamu muni, don a fili mai faɗi ba wurin ɓuya, mota mai taya huɗu da bindiga mai sarrafa kanta sun isa. Dabbar da ta saba tsere wa mai raƙumi ba za ta tsere wa Land Cruiser ba, a bi ta har zuciyarta ta buga. Haka aka ƙarar da mariri, a shekarar 2000 aka ayyana cewa babu sauran ko ɗaya a daji a duk duniya sai a gidajen ajiye dabbobi. Adaks kuma, Nijar ta keɓe musu yankin Termit da Tin Tumma a 2012, fili wajen murabba'in kilomita 97,000, ya ninka jihar Jigawa sau huɗu, amma aikin haƙar mai na Agadem ya shigo da motoci da masu tsaro da bindigogi, da aka yi kewayen ƙidaya a 2016 guda 3 kacal aka gani. Mena da ake buga ƙwallo da sunanta, waɗanda suka rage a daji duka duniya 'yan ɗaruruwa ne ƙalilan, ba su cika tirela biyu ta Maigatari ranar Alhamis ba in da awaki ne.

To amma ga inda suka sha gabanmu, su sun ƙirga, shi ya sa ma nake iya kawo maka lamba. Raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai, su ne irinsu na ƙarshe a duk Afirka ta Yamma, a 1996 saura 49. Aka hana taɓa su, aka sa mutanen ƙauyukan cikin lamarin, masu rakiyar baƙi 'yan garin ne, ana taimaka wa manoman da aka ci wa wake, dabbobin nan suna yawo a cikin gonakin mutane ba shinge ba waya, yau sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi 8 aka kai Gadabeji ta jihar Maraɗi inda aka daɗe da rasa su. A Chadi kuma daga 2016 aka riƙa kawo mariri a jirgin sama daga Abu Dabi ana sakinsu a gandun Wadi Rime da Wadi Ashim, suka hayayyafa suka zama ɗaruruwa, a ƙarshen 2023 aka cire su daga jerin waɗanda suka ƙare a daji. Abin dariya abin tausayi, daga yankin Larabawan da manyansu suka daɗe suna zuwa Sahel farauta da ayarin motoci, daga can kuma irin ya dawo. Ko ma dai yaya ne ya dawo. Nijar da Chadi ba su fi mu kuɗi ba, ba su fi mu zaman lafiya ba, a Kuren nan ma an kashe mutum 8 a 2020.

Na san wani zai karanta ya ce wannan tsoho ya ƙoshi, ana sace mutane ana kashewa, buhun masara ya gagari talaka, shi yana kukan zomo. Ban ƙoshi ba wallahi, fanshona ma sai an ga dama. Amma ni manomi ne kuma na ga abin da ya biyo baya. Dila da yanyawa da tunku da muzurun daji da mujiya su ne masu cin ɓera, da muka kawar da su wa ya rage? Ɓera da gafiya, su kam ba su ragu ba ko kaɗan, sun ma samu sarari, a tone iri a daren da aka shuka, a shiga rumbu, a shiga ɗaki a yi fitsari a kan abinci, kuma kowa ya ji yadda zazzaɓin Lassa ke yi duk rani, ciwon da tun 1969 aka gano shi a garin Lassa na Borno kuma ɓera ke ɗauke da shi. Inda ɓera ya yi yawa maciji na biye, ka tambayi mutanen Kaltungo labarin kububuwa. Kura da ungulu su ne masu kwashe mushe, yanzu jaki ya mutu a bayan gari sai ya yi sati yana wari karnuka na ja. Gara da dabgi ke ci yanzu sai mun sayi magani. Duk aikin da suke mana kyauta ne, yanzu kuɗi muke biya kuma ba ya yi.

Akwai wani abu da aka yi a Ostareliya da ya burge ni. Su ma ƙasarsu yawanci hamada ce, kuma sun fi kowa asarar irin waɗannan ƙananan dabbobi, sama da iri 30 sun ƙare tun zuwan Turawa a 1788, nasu kyanwa da wani irin dila da aka shigo da su daga Turai ne suka cinye su. A shekarun 1980 masu bincike suka rasa yadda za su san me ya taɓa zama a ina, sai suka ɗebi busassun fatun dabbobin daga gidan tarihi suka shiga hamada suna bin tsofaffin 'yan asalin ƙasar, a miƙa wa tsoho fata ya juya ta ya faɗi sunanta da yarensu, me take ci, ina take rami, wace shekara ya daina ganinta. Da haka aka zana taswirar abin da aka rasa. To mu me ya hana? Muna da jami'a a Kano da Dutse da Gashuwa da Katsina da Sakkwato da Maiduguri, ɗalibai na ta rubuta furojet a kan abin da suka kwafo a intanet, ga tsofaffin maharba nan a kowane ƙauye suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya da ilimin da ba a littafi. A tura yara da waya su ɗauki muryarsu mana. Ba kwangila ba ce, kuɗin mota ne da goro, wataƙila ma shi ya sa ba mai sha'awa.

Sarakunanmu kuma, tunda har gobe su ke naɗa sarkin dawa da sarkin baka, su dawo musu da ƙarfinsu, a ce daga faɗuwar ruwa zuwa kaka ba farauta, farautar wuta da ta Canter kuma a hana ta gaba ɗaya, maharban gaskiya za su fi kowa murna don su ne abin ya fi cuta. Masu aikin katangar itatuwa da ake ta shelar ta tun 2007 a jihohi 11, don Allah a rage jera darbejiya kamar sojoji, ƙarƙashinta fayau yake ba abin da ke zama, a bar sabara da geza da kalgo da magarya su tofo, su ne ɗakin zomo da gada. Ni dai na fara da kaina ko da a makare, shekara huɗu ke nan na bar wata 'yar kusurwa a gonata ta gabas, ba ta fi taku talatin ba, ba noma ba feshi ba wuta, 'ya'yana suna ta min tsiya wai na ba aljanu gona.

Daminar bara jikan nan nawa ya rugo da gudu yana haki, wai Kaka zo ka ga wani ƙwallo mai ƙaya a gindin geza. Bushiya ce. Na sa hula na ɗauko ta muka sa a bokiti muka zauna shiru, ya fi minti goma kafin ta saki jiki, ɗan hancin nan baƙi ya fara leƙowa yana motsi, sai ido, sai 'yan ƙafafu, yaron ya riƙe numfashi kamar mai kallon fenariti. Ya ce mu kai ta gida, na ce a'a a nan ƙwarin da take ci suke, muka mayar da ita inda ya gan ta. Da kaka kuma na ga kashin zomo a wurin, da wani ɗan sawu mai tsaga biyu da na daɗe ina dubawa, zuciyata na ce min gada, idona na ce min 'yar akuyar maƙwabci ce, kawun da zai raba mana gardama kuma ya daɗe a ƙasa.

Malam Edita, in da hali ka buɗe ɗan fili ko sau ɗaya a wata, masu karatu daga Sakkwato zuwa Gaidam, daga Tawa zuwa Difa, kowa ya rubuto sunan garinsu da dabbar da ya sani da shekarar da ya yi mata ganin ƙarshe. Ni ga nawa na fara, arewa da Gumel, barewa 1974, kura na ji kukanta na ƙarshe wajen 1985, bushiya bara.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naka,
Tsohon malamin gona,
daga ƙasar Gumel, jihar Jigawa.